Makullin da Ke Wuyan Tela

Tela muke ce masa a bakin titi, a coci kuma Katikis. Masu tsokana suna da nasu sunan da suka laƙa masa, wai Fada Saura Ƙiris, amma ba a gaban idonsa ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai kallon hanya. Keken ɗinki na ƙafa yana bakin taga saboda haske, ga teburin yanka, ga benci ɗaya na masu jira, ƙasa kuwa duk ƙyallaye. Siriri ne, mai tsabta har ta yi yawa. In ya ɗinka maka riga ya hango zare ɗaya ya leƙo, sai ya bi ka har tsakiyar titi da almakashi.

Abin da ya jawo masa wancan sunan, yana saurayi an kai shi makarantar da ake koyon zama Fada. Shekara huɗu ya yi a can. Sai ubansa, wanda shi ma tela ne, ya yanke jiki ya faɗi a kan keke, ɓarin jikinsa ya mutu. Shi ne babba, ga ƙanne biyar, ga uwa. Ya ce wa shugabannin makarantar zai je gida wata uku ya dawo. To wata ukun nan ne bai ƙare ba har ya yi furfura. Tsohon ya shekara shida a kwance kafin ya rasu, a cikin haka Tela ya yi aure. Kun san dai a wurinmu mai mata ba ya zama Fada. Da aka ɗaura auren ya tattara littattafansa ya zuba a akwati, ya tura ƙarƙashin gado.

Tsohon Fada na lokacin ne ya ce karatun nan ba zai ruɓe a ƙarƙashin gado ba, ya sa shi Katikis. Shi ke koya wa yara addu'a, shi ke shirya masu baftisma, shi ke raka gawa, shi ke sasanta miji da mata. Lahadin da babu Fada shi ke tsayawa ya karanta Littafi ya yi wa'azi. Abu biyu ne kawai ba hannunsa a ciki. Ba ya sauraron zunubin mutum ya sallame shi, kuma ba ya faɗin kalmomin tsarkakewa a kan gurasa.

Bari in yi muku bayanin gurasar nan, don a kanta maganar take. 'Yan fala-fala ne farare, zagayayyu, ba su fi bakin kwalba ba. A leda suke zuwa, kuma muddin suna cikin ledar, gari ne da ruwa, ba wani abu ba. Sai Fada ya yi Mas, wato babbar sujadarmu, ya faɗi kalmomin a kansu, sannan mu a bangaskiyarmu sun zama Jikin Almasihu. Abin da ya rage sai a zuba a ƙoƙo mai murfi, a kulle a wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke jikin bango, bayan bagade. Bishop ya ba Tela takardar izini, ran da babu Fada ya buɗe ya ba mutane. Makullin akwatin a wuyansa yake, a igiyar da ya ɗinka da hannunsa, ƙarƙashin singileti. Ko wanka zai yi, da shi yake shiga.

Benci ashirin da huɗu ne a cocin, kuma da can in ka makara sai dai ka tsaya a bakin taga. Daga baya abin ya soma zaizayewa. Tsofaffi suka yi ta tafiya, yara suka bi aiki wasu garuruwan. Sai kuma aka buɗe wata sabuwar coci a tsohon sito, tsallaken titi, da lasifika da ganguna da jita. Fastonsu yana nan kullum, matarsa da 'ya'yansa a bencin gaba. In ɗanka ya yi zazzaɓi ran Talata, ka aika, kafin ka juya ya iso. Mu kuwa tsohon Fada ya rasu, aka ba mu wani matashi mai coci goma sha ɗaya a kansa, yana zagayawa a babur. Sai mu yi sati shida ba mu sa shi a ido ba.

'Yar Tela ta cikinsa ma ta tsallaka. Ya zaunar da ita a shago yana mata magana, ta ce, "Baba, ku fa a can barci ake yi. Ni ina so in ji a jikina cewa na je wurin Allah."

"Allah ba rawa ba ne," in ji shi.

"Ba gyangyaɗi ba ne kuma, Baba."

Bai sake mata maganar ba, amma ya kwana biyu keken nan yana gudu kamar zai tashi sama.

Duk ran Alhamis da la'asar sai ya rufe shago ya shiga gida-gida neman waɗanda suka daina zuwa. Waɗanda suka zo ɗinki kuwa sun kawo kansu. Yana auna kafaɗarka yana cewa, "Ɗaga hannu. Yaushe rabonka da coci? Juya. Ai matarka na gani, kai ne ban gani ba." Wasu har suka koma wurin wani telan don su huta. Duk da haka, ya fi shekara goma yana yawo, ba mutum ɗaya da ya dawo. Muka rage mu talatin da 'yan kai. Wani mai walda, mutum marar ɓoye-ɓoye, ya taɓa faɗa masa a fili: "Katikis, ba don wa'azinka nake zuwa ba, kada ka ji haushi. Waƙa sun fi mu, wa'azi sun fi mu, har fanka gare su. Abin cikin akwatin nan ne ba su da shi. Ran da babu shi, ni ma babu ni."

Tela bai ji haushi ba, don shi ma abin da ya sani ke nan.

Ana nan sai labari ya zo, Fada ya faɗa rami da babur, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Tela ya aika ofishin Bishop a taimaka a turo wani, ko sau ɗaya ne. Aka ce a yi haƙuri, babu wanda ke zaune, kowane Fada nasa kayan sun fi ƙarfinsa. Abin da ke cikin ƙoƙon kuwa na sati shida aka bari.

Sai ya soma rabawa biyu. Ran Asabar ya wanke hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya durƙusa yana karyawa da farcen babban yatsa, daidai wa daida kamar yana yanka hannun riga. Wata biyu suka wuce, ya koma raba rabin ma. Mai walda ya karɓi nasa a tafin hannu, bayan an tashi ya ce, "Katikis, Lahadi mai zuwa da tabarau zan zo, ko na hango Ubangiji."

"Babba da ƙarami duk ɗaya ne," in ji Tela. "Yana ciki cikakke."

Gaskiya ya faɗa, haka aka koya mana. Amma da ya duba ƙoƙon a wata na uku, ya ga abin da ya rage ba zai wuce Lahadi ɗaya da rabi ba. Ya daina cin abinci sosai. Ya zauna a kan keke ƙafarsa ba ta motsi. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana biyar bai san inda kansa yake ba.

To ga matarsa. Gajera ce, mai murya, mai dariya, ba ta yi makaranta ba, irina. Shekara talatin ita ke share cocin ran Asabar, ta wanke kayan bagade ta goge, ta cika kwanon ruwan albarka da ke bakin ƙofa. Shi da bakinsa ya koya mata, in ruwan ya yi ƙasa ta ƙara na famfo kaɗan, albarkar za ta bi shi. Tana goge masa jiki da tsumma, ta ga igiyar wuyansa ta jiƙe sharkaf da gumi, ta cire ta sa a aljihu. Asabar ta yi, ta ɗauki tsintsiyarta ta tafi.

Ran Lahadi Tela ya lallaɓa ya tashi, makulli yana wuyansa yadda ya saba. Ya yi karatu da ƙyar, ya je ya buɗe akwatin, ya ɗaga murfin ƙoƙon. Cike yake har baki. Zagayayyu, farare, ko ɗaya bai karye ba, 'yan gutsattsarin nasa suna can ƙasa. Muna zaune muka ga ya tsaya cak yana kallon ƙoƙon, muka ɗauka zazzaɓin ne.

Tela fa ba jahili ba ne. Amma mutum in ya matsu, zuciyarsa tana iya gaya masa abin da yake so ya ji. Ya ce wa kansa, ai akwai makulli na biyu a wurin Fada, wataƙila ya turo wani yana kwance. Wani lokacin kuma can ƙasan zuciyarsa sai ya tuna gurasa biyar ɗin nan da Almasihu ya ciyar da dubbai da su, ya ce wane ni. Bai tambayi kowa ba. Ledar sabuwar gurasa tana cikin kabad a ƙaramin ɗakin da Fada ke sa riga, taku uku daga bagade. Sati uku yana buɗe kabad ɗin ya ɗauki kyandir a ƙasa, bai ɗaga ido ya dubi saman ba.

Mu dai murna muka yi. Mai walda ya ce, "A'a, yau Ubangiji ya yi ƙiba!"

"Allah ya buɗa," in ji Tela.

A cikin satin nan ne matar wani direban babbar mota ta zo shago. Maman 'Yan Biyu muke ce mata. Ita da mijin da yaran duk sun shekara takwas da tsallakawa sito. Tela ya je gidansu ya fi a ƙirga, direban yana ganinsa sai ya ce, "Ga mai bin bashin Allah nan," ya shige ɗaki. Yanzu tari ya cinye shi, asibiti sun ce a koma gida.

"Malam, wai ka zo," in ji ta. "Na ce in kira Fasto, ya ce ba shi ba. Kai yake so, ka kawo masa Jikin Almasihu irin na ƙuruciyarsa."

Tela ya bar riga a ƙarƙashin allura ya tashi. Mutum na farko ke nan da ya dawo, cikin duk yawon da ya yi. Ya je ya buɗe ƙoƙon. Ya ga gutsattsarin sun leƙo ta gefe, ya ce a ransa, mutumin da ya yi shekara takwas a waje ba za a tarbe shi da ɓurɓushi ba. Ya ture su da yatsa, ya zaɓi guda cikakkiya, wadda ko gefenta bai ɓantare ba.

Ya samu Direba a kan katifa a ƙasa, rana ta shigo ta labule, ga kwanon tofi, ga kwalaben magani jere a taga. Mutumin da da sai ya karkata yake shiga ƙofa, ya koma ƙashi da fata.

"Fada Saura Ƙiris," in ji shi, yana ƙoƙarin dariya. "Ashe kai za ka raka ni tasha."

"Ni ne, Baban 'Yan Biyu."

"Ina da kaya da yawa da zan sauke. Za ka ji?"

"Ba ni da ikon ji. Ka faɗa wa Allah a zuciyarka, ka bi ni da bakinka."

Ya ja masa addu'ar tuba, Direba yana bi yana haki. Ya sa masa gurasar a harshe. Mutumin ya rufe ido, hawaye yana bin kunnensa, ya ce, "Yanzu na iso gida." Bayan kwana biyu ya cika. Tela ne ya binne shi. Lahadin da ta biyo, Maman 'Yan Biyu ta shigo cocinmu da 'ya'ya huɗu da surukarta, suka cika benci guda. Ranar wa'azin Tela har da murmushi.

Sai saƙo ya zo, Fada ya soma takawa da sanda, Lahadi mai zuwa za a kawo shi. Dole a shirya kayan Mas. Tela ya buɗe kabad, wannan karon ba makawa, ya miƙa hannu sama. Ledar ta biyo hannunsa shafal, ba komai ciki sai gari-gari.

Ya samu matarsa a tsakar gida tana wanki, rana tsaka. Ya tsaya a kanta da ledar.

"Maman yara, wa ya taɓa wannan?"

Ta ɗago, kumfa har gwiwar hannu. "Ni ce mana. Au, sai yau ka lura? Na ɗauka ka sani, shi ya sa ka warke."

"Ke kika buɗe akwatin?"

"Na wanke hannu sau uku, Malam, na durƙusa, na rufe kaina. Ban taɓa na ciki ba, zubawa kawai na yi a kai, na ɗan girgiza don su haɗu."

"Don su haɗu."

"Yadda nake yi wa ruwan albarka. Ba kai ka ce albarkar tana bin sabon ba?"

Ya zauna a bakin rijiya. "Ruwa daban, wannan daban. Wannan sai Fada ya faɗi kalmomin. Sati uku ina ba mutane gari da ruwa, suna cewa amin."

Ta tsame hannunta daga ruwan wankin. Can ta ce, "To da ka faɗa mini. Shekara talatin ina goge akwatin nan ta waje, ka taɓa zaunar da ni ka ce ga bambancin? Ina kallonka kana ramewa a kan ɓurɓushi, kana sambatu cikin zazzaɓi, saura goma, saura tara. In zuba ido ka mutu?"

"Da na mutu ya fi."

"Kul, kada ka ƙara faɗa!" Muryarta ta tashi, har maƙwabta suka ji. "Kalmomin nan ba ka san su ba? Ina jin ka kana bin Fada da su a hankali, in ya yi tuntuɓe kai ke ɗora shi. Yaron nan sa'an ɗanka ne. Mene ne a hannunsa da babu a naka?"

"An ɗora masa hannu an naɗa shi Fada. Ni ba a ɗora mini ba."

"Saboda me? Faɗi mana. Saboda ni. Ni ce dattin da ke hannunka."

"Ban taɓa cewa haka ba."

"Ba ka taɓa ba. Akwatin da ke ƙarƙashin gadona ne yake faɗa mini, kullum in na zo shara."

Ta koma wankinta tana dirzawa kamar rigar ce ta yi mata laifi. Sai da ta shanya ta dawo, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Malam, ji. In Fada ya zo, ka ɗora ƙoƙon a kan bagade tare da sabuwar gurasa. Ya faɗi kalmominsa a kan duka. Shi ke nan sun zama na gaske, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

Abin da ya fi damun Tela, dabarar za ta yi. Ya san haka fiye da ita. In ya yi shiru, makulli yana wuyansa, mai walda yana bencinsa, gidan Direba suna nasu. In ya yi magana, ya san dokar takardar da aka ba shi: makullin nan ba ya shiga hannun kowa. Satin nan ya yanka wa wani malamin makaranta wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kama almakashi. Ya aro gurasa sabuwa daga cocin cikin gari, ya dawo. Duk inda ya juya, yatsansa yake gani yana ture gutsattsarin nan. Na gasken duk shi ya karya su da hannunsa, ba guda cikakkiya da ta rage. Wadda ya zaɓa wa Direba, ba wai wataƙila ba ce. Ta leda ce.

Ran Lahadi da sassafe ya ɗauko ƙoƙon ya ɗora a kan bagade. Ya tsaya yana kallonsa. Ya ɗauke ya mayar. Ya sake fitowa da shi. Ana haka ya ji ƙarar mota, an kawo Fada. Sai ya rungumi ƙoƙon ya shiga ƙaramin ɗakin da shi, ya tura ƙofa.

Fada yana zaune a kujera, ƙafa a miƙe, sanda a jingine da bango. Ya rame, idonsa ya faɗa. Tela ya durƙusa ya faɗa masa duka, har da sati ukun da ya ƙi ɗaga ido. Bai ɗora wa matarsa ba, ya ce laifinsa ne da bai koya mata ba.

Fada ya rufe fuska da hannu biyu. Ya ce, "Baba Katikis, ka san da ka ɗora shi a bagade da ban sani ba?"

"Na sani, Fada. Sau biyu na ɗora."

"Tashi, don Allah, ka girmi ubana. Mama ba ta yi zunubi ba, ba ta sani ba. In laifi ne, namu ne da muka bar ku wata huɗu." Ya ja numfashi. "Ni da za a tambaye ni wa ya cancanta a garin nan..." Bai ƙarasa ba. Ya ce a ba shi ruwa a kofi. Ya zauna nan ya cinye abin da ke cikin ƙoƙon duka, na gaske da na leda, tun da ba a zubarwa kuma ba a mayarwa. Yana ci yana kora ruwa, muna waje muna jira, muna cewa me suke yi haka.

Da ya gama ya miƙa hannu. "Dole in gaya wa Bishop. Kafin ya yi magana, ba zan iya barin komai a akwatin ba. Ka yafe ni, Baba."

Tela ya sunkuyar da kai ya zare igiyar. Fada ya ce, "Jama'a ba sai sun ji dalili ba. Kada a tayar musu da hankali."

"Mutum ɗaya dole ta ji," in ji Tela, "matar Direba."

"To ka gaya mata Allah ya ga abin da mijinta ya nema, kuma ba a hana mai nema don kuskuren wani. Wannan ba lallashi ba ne, haka yake."

Washegari Tela ya samu Maman 'Yan Biyu a rumfarta a kasuwa, tana jera tumatir. Ta share masa benci da gefen zane. Ya ƙi zama. Ya faɗa mata a tsaye, ya ƙara da abin da Fada ya ce.

Ta saurara har ƙarshe, tumatir ɗaya a hannunta. "Tsaya, Malam. Ka ce akwai na gaske a ciki?"

"Akwai, a ƙasa."

"To wataƙila na gasken ka ba shi."

Nan ma da ya ce wataƙila, da ta karɓa da hannu biyu. Ya ce, "A'a. Na gasken gutsattsari ne. Ni cikakkiya na zaɓa masa, don in girmama shi."

"Ka girmama shi." Ta ajiye tumatirin a hankali. "Mutumin nan ya kori Fasto daga bakin ƙofa saboda kai. Ya mutu yana cewa ya iso gida. Ni na rufe masa ido, na ce ko ba komai ya tafi da guzuri. Yanzu me ka zo yi? Wa ya tambaye ka? Da ka bar ni da abina!"

"Ba zan iya kallonki kowace Lahadi ba ki sani ba."

"Au, don kai ka samu barci. To ka samu. Ni kuma ka ɗora mini." Ta juya wa wata mai saye. "Na nawa za a ba ki, 'yar uwa?"

Ba ta ƙara taka cocinmu ba, ita da benci gudan nata. Kafin Laraba kuwa labari ya gama kasuwa. A sito har wa'azi aka yi da mu. Mai walda ya zo shago ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Katikis, na faɗa maka tun farko. Ran da Fada zai zo ka aiko mini." Tela ya ce to. Matarsa kuwa ta ci gaba da shara ran Asabar, amma daga matakalar bagade take tsayawa, ta miƙa masa tsintsiya ya ƙarasa. Bai hana ta hawa ba, ita ce ta ƙi. Dariyar nan tata ma ta ragu.

Amsar Bishop ta zo bayan wata biyu. An yaba wa gaskiyar Katikis, amma akwatin zai zauna ba komai har ran da aka samu Fada mai zama a wurin. Kowa ya san ma'anar wannan, ranar nan ba kusa take ba.

Mu goma sha ɗaya muka rage, yawanci mata. Tela bai fasa ba, ƙarfe takwas ya buɗe ƙofa, ya karanta Littafi, ya yi wa'azi, mu yi addu'a mu tashi. Akwai wata tsohuwa a cikinmu, ta fi tamanin, kunnenta ya toshe, ido ma sai a hankali. An yi mata bayani ya fi sau goma, ba ya zama. Kowace Lahadi, daidai lokacin da aka saba, sai ta dafa benci ta tashi, ta ja ƙafa har gaba, ta durƙusa, ta buɗe baki tana jira. Tela ya sauko ya sunkuya saitin kunnenta, dole ya ɗaga murya, duk cocin na ji.

"Babu, Iya. Sai Fada ya zo."

"Iye?"

"Na ce babu!"

"To yaushe zai zo?"

"Ban sani ba, Iya."

Sai ya kama ta ta hammata ya ɗaga ta, ya raka ta har wurin zamanta.